Ƙwaron Kwamfutar Anti Hannatu

Unguwar Majema,
Haɗejiya.
9 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Ki yi mini afuwa da na rubuto miki ba tare da kin ce in rubuto ba. Na san ni ba sa'arki ba ce, kuma kina can da jinya a hannu. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Da abin da ya faru ba kayanki ya shafa ba, da na yi shiru har ki dawo.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Yaya mutanen Fankshin? Allah ya ba ta sauƙi. Baba da Umma suna gaishe ki. Kakata, Iya 'Yar'azumi, ta ce in faɗa miki tun da kika tafi ba mai yaba alalenta, kowa ci yake ya tashi kamar an biya shi.

Anti, kwamfutarki ce ba lafiya. Ranar da za ki tafi kin bar ta a ɗakin da kike haya a soron gidanmu, kika ce tunda muna hutu in riƙa shigar da ƙidayar tsuntsayen fadamar Baturiya yadda kika koya mini. Makon farko lafiya lau, har na gama takardun dinya da na kirinjijiya. Ranar Asabar ta farkon wata sai na ji wasu maɓallan sun yi tauri, sai na danna da ƙarfi kafin harafi ya fito. Jiya kuma da na buɗe, rabinsu sun daina aiki. Tana kunnuwa, fuskarta tana nuna komai, 'yar ƙwallon da ake murzawa ma tana yi. Amma in na danna harafi, kamar da bango nake magana.

Na rantse ban karya dokarki ko ɗaya ba. Ban ci ban sha kusa da ita ba, ban fita da ita ba, kuma ban bar kowa ya sa faifansa a ciki ba saboda bairos ɗin da kika gargaɗe ni. Har Iya, da take riƙe da mabuɗin ɗakin, na zaunar na yi mata bayani da Hausar da za ta gane. Na ce mata akwai wani ƙwaro da yake shiga kwamfuta ya cinye abin da aka ajiye, ba a ganinsa sai ya gama ɓarna, don haka kada ta buɗe wa kowa. Ta ce in kwantar da hankalina.

Abokin aikinki Malam Ɗahiru ya zo jiya ya gani. Ya ce kwamfuta ba ta lalata kanta, kuma kayan ofis ne, dole ya aika da rahoto babban ofishinku da sunan wanda ya taɓa ta, kuma wanda aka rubuta sunansa ya bar aiki ke nan. Yana faɗi yana kallona, har na rasa inda zan sa idona.

Akwai abin da yake raina wanda ban faɗa wa kowa ba. Malam Bakari, mai tuƙa ku a kwale-kwale, duk Juma'a yake kawo takardun ƙidaya da kifin Iya, ya zauna a soro daf da ƙofarki har lokacin masallaci. Sau biyun nan duk ranar Asabar nake tarar da ɓarnar. Kuma na tuna ranar da kika tafi da ni Baturiya, da ya nuna jakarki da sandar tuƙi ya ce wata rana akwatin nan ne zai sa a hana su kamun kifi a fadama. Kin yi dariya a lokacin. Shi ban ga ya yi ba. Wataƙila ina ɗaukar alhakinsa ne, amma abin ya ƙi fita daga raina.

Ni lafiyata ƙalau, sai atishawa da take damuna duk sa'ad da na zauna aiki a ɗakin. Umma ta ce danshin damina ne.

Don Allah ki rubuto mini abin da zan gwada. Malam Shu'ibu direba, mai zuwa Jos duk Litinin, shi zai kawo miki wannan, kuma ranar Alhamis yake juyowa.

Taki mai biyayya,
Saude Ja'afaru.

Unguwar Majema,
Haɗejiya.
23 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara zama har tana shan kunu da kanta. Allah ya ƙara sauƙi. Mutanen gida duk suna lafiya. Kogi ya kawo sosai bana, masu shinkafa a fadama sun fara kwana da fargaba.

Na sami amsarki, kuma na bi ta layi-layi. Na kashe kwamfutar, na cire batir, na ƙirga sittin, na mayar. Ba canji. Na duba 'yar fitilar da kika ce in tana kunne haruffa suna komawa lambobi, na tarar a kashe take. Sannan na ari babban kibod na ofis na jona a bayanta kamar yadda kika zana mini. Nan take ta karɓa, kowane harafi ya fito. Ke nan yadda kika ce ne, ƙwaƙwalwarta lafiya take, ba bairos ba ne, wani abu ne ya shiga ƙarƙashin maɓallanta. Da kibod ɗin aron nake ci gaba da aikinki, ba abin da ya ɓace.

Yanzu sai abin da nake jin kunyar rubutawa. A ƙarshen takardarki kin ce dokar ƙidaya ita ce dokar wannan magana: tsuntsun da ban gani da idona ba, kada in rubuta shi. Kin ce kada in ambaci sunan kowa. Anti, na ambata.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis da amsarki ta zo, na ɗora siririn zare a kan zif ɗin jakar kafin in kulle ɗakin. Juma'a Malam Bakari ya zo ya zauna a inda ya saba. Asabar na tarar da zaren a ƙasa, sauran maɓallan kuma duk sun mutu. Ranar Litinin Malam Ɗahiru ya kira ni ofis, ya ce rahoto zai tafi a ranar, in ban ba shi suna ba zai rubuta nawa da na gidanmu, tunda a hannunmu aka bar ta. Ya ce in yi tunanin yadda Baba zai ji in aka ce a gidansa ake lalata kayan baƙi. Sai na ba shi labarin zaren, da na Juma'a, da maganar da Malam Bakari ya yi a kwale-kwale. Bai ma bari na ƙarasa ba ya fara rubutu. Washegari aka aika wa Malam Bakari cewa an sallame shi.

Na zaci ba zan sake ganinsa ba, sai ga shi shekaranjiya Juma'a da tarwaɗar Iya a hannu. Bai shiga soro ba. A waje ya tsaya, ana yayyafi, ya yi sallama har na fito. Ya gaishe ni da “wushe”, gaisuwarsu ta Barebari, kamar kullum, ya miƙo kifin, ya ce a gaida tsohuwa. Har ya juya sai ya ce shi ko sunansa bai iya rubutawa ba, ina zai san inda ake kama akwatin boko a ji masa ciwo. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To Anti, na sake ɗora zaren ranar Alhamis, don in tabbatar wa kaina an huta. Jiya Asabar na tarar da shi a ƙasa. Malam Bakari kuwa ko dakalin soro bai taka ba, ni shaida ce.

Tun jiya kowa na kalla sai in ga kamar shi ne. Na tuna Malam Ɗahiru ya taɓa cewa kwamfutar ta fi dacewa da gidansa, ba gidan da babu mai aikin ofis ba. Na tuna yadda ya yi saurin rubuta sunan, da kuma cewa ɗan ƙanwarsa aka ba tuƙin. Na tambayi Iya ko wani ya taɓa karɓar mabuɗin, ta ce a bakin zaninta yake kwana yake tashi, ba ta ba ko da Baba ba. Ko an yi wani mabuɗin a kasuwa? Har Malam Shu'ibu na fara yi wa kallon biyu, shi ya sa na liƙe ambulan nan da ƙaro sau biyu. Amma ba zan sake kiran sunan kowa ba. Juma'a mai zuwa zan gani da idona.

Taki mai neman gafara,
Saude Ja'afaru.

Unguwar Majema,
Haɗejiya.
29 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Ina gaisuwa. Yaya Mama, yaya ƙarfin jikinta? Malam Shu'ibu ya dawo ba amsa, ya ce kin karanta kin ninke kin sa a aljihu. Ban ga laifinki ba.

Na gani, Anti.

Jiya da maza suka tafi masallaci na shiga ɗakin buhuna da yake kallon naki, na tura ƙofar na bar 'yar kafa. Ina tsaye ina jiran in ga Malam Ɗahiru ko wani baƙon fuska. Sai na ji takun da na sani tun ina goye. Iya ce, da ƙwarya da rariya a hannu. Ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta, ta shiga, ta zuge jakar, ta buɗe kwamfutar da hannu biyu tana bismilla. Ta ɗebi abin da yake ƙwaryar ta zuba a rariya, ta kaɗa a kan maɓallan daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sa tafin hannu ta daddanna don ya sauka ciki sosai, sannan ta goge saman tas da gefen zaninta. Daidai nan atishawa ta tona mini asiri.

Ko razana ba ta yi ba. Ta ce in zo in riƙe mata ƙwaryar tunda na zo. Na leƙa, sai na ga tokar kara ce tankaɗaɗɗiya da garin barkono, irin wadda take zuba wa wake in za ta rufe shi a tulu. Na ce, Iya me kike yi haka?

Ta ce, “Ba ke kika ce ƙwaro ba? Wanda ba a gani sai ya cinye ajiya? Shekara hamsin ina ajiye wake, ƙwaro bai taɓa huda mini ƙwaya ɗaya ba. Sai kayan baƙuwa zan zuba wa ido ya ci?”

Ta ce Juma'a take yi don albarkar ranar, kuma ba ta faɗa mini ba don ta san 'yan boko ba su yarda da maganin da ba a kwalba yake ba. Da ta ji ana cewa akwatin ba lafiya, sai ta ɗauka ƙwaron ne ya yi ƙarfi, ta ƙara barkono. Ni na ce ƙwaro, ni kuma na ce Bakari.

Da Baba ya dawo na faɗa masa. Ya ce maganar ta tsaya a cikin gida. Ya ce in ta fita, har jikokinmu za a riƙa kira jikokin mai barbaɗa wa kwamfuta toka, kuma ba zai bari a mai da mahaifiyarsa abin dariyar majalisa ba. Ya ce in share ta a hankali, in ta tashi a ce da kanta ta warke, shi kuma Bakari masunci ne, kogi ba zai hana shi abinci ba. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba, jiya ma ban mayar ba.

Amma ashe Iya ba ta san an sallami Malam Bakari ba. Ba wanda ya faɗa mata, shi ma da ya kawo kifi bai faɗa ba. Yau da safe tana surfe take tambayata me ya hana Babarbaren nan zama a soro, ko wani ya ɓata masa rai ne. Baba ya hana ni fitar da magana waje, bai hana ni amsa wa kakata ba. Na san wannan wayo ne, kuma zan nemi gafararsa. Na faɗa mata duka, har da cewa daga bakina sunan ya fita.

Ta ajiye taɓarya. Ta ɗauki mayafinta da ƙwaryar tokar, ta ce in wuce gaba in nuna mata gidan Malam Ɗahiru. Baba yana soro muka wuce. Ya miƙe zai yi magana, ta ce masa, “Ja'afaru, dariya ba ta kisa. Alhaki ne yake bin mutum har rami.” Ya koma ya zauna.

Malam Ɗahiru ya fara da cewa tsohuwa tana son rufa wa wani asiri ne. Sai Iya ta sa aka kawo kwamfutar, na kifa ta a kan tabarmarsa na bubbuga bayanta a hankali. Tokar da ta zubo ta kai cikin ludayi. Ya yi atishawa bakwai, na ƙirga. Bayan ya goge hawaye ya ce ya yarda, amma rahoto ya riga ya tafi, kuma tunda da sunanki aka ba da kwamfutar, ke kaɗai za ki rubuta a janye shi. Ban ga alamar zai yi gaggawar tuna miki ba, shi ya sa na rigaye shi.

Don Allah Anti, ki rubuta musu. Ba don ni ba. In sai an sa suna, ki sa nawa. Ga tokar nan na ƙunso kaɗan a takarda don shaida, kada ki buɗe kusa da Mama.

Taki,
Saude Ja'afaru.

Unguwar Majema,
Haɗejiya.
13 ga Satumba, 1998.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Gaisuwa mai yawa. Malam Shu'ibu ya ce ya ga Mama a tsakar gida tana shan hantsi, mun yi murna ƙwarai. Iya ta ba shi kwano biyu na wake ya kawo muku. Ta ce a wanke kafin a dafa, kin san dalili.

Takardarki ta iso ofis ranar Alhamis ta makon jiya, kuma an mayar da Malam Bakari bakin aikinsa. Na gode. Malam Ɗahiru ya ce kin rubuta cewa kuskure ne na gida, ba ki sa sunan kowa ba. Labarin toka dai ya zaga unguwa kamar yadda Baba ya ji tsoro. Mata suna aiko wa Iya rediyonsu wai a yi musu rigakafi, ita kuma tana ce musu su kawo mazajensu tukuna, don su ne ƙwaro ya fi ci. Baba ya yi kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata da baki, sai da kai. A na biyar ya miƙo mini famfon kekensa.

Da famfon na hure tokar, kwamfutar tana kife, batir a cire. Inda ta dunƙule saboda danshi, na ɗaga maɓallan ɗaya bayan ɗaya da tsinken kitso, na share ƙarƙashinsu da gashin dinya, na zana inda kowanne yake a takarda don kada in rikita su. Kwana uku na yi. Duk sun tashi, sai harafin B. Na ɗaga shi sau biyar, ya ƙi. Ba na iya rubuta Baturiya, ko balbela, sai na jona kibod ɗin aro.

Shekaranjiya Malam Bakari ya zo da takardun ƙidaya, ya zauna a soro. Na fito na durƙusa, duk abin da na shirya faɗa ya gudu, sai kawai na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana gyara igiyar kifinsa. Sannan ya ce shekara uku yana jin kina faɗa wa masu ƙidaya magana ɗaya a cikin kwale-kwale, har shi da ba ya rubutu ya haddace.

Ya ce, “'Yar malam, kin rubuta tsuntsun da ba ki gani ba.”

Na ce haka ne. Ya tambaya ko akwatin ya warke, na faɗa masa saura harafi ɗaya, kuma shi ne farkon sunansa. Ya yi dariya har Iya ta leƙo. Ya ce to a bar shi haka, ashe akwatin ya fi mutane hankali, ya gaji da a rubuta sunansa. Daga nan ya ce ya yafe, in tashi ƙasa da sanyi.

Anti, gobe muke komawa makaranta. Na gama shigar da ƙidayar har ta watan Agusta, na kulle jakar, mabuɗin yana wurin Iya, ƙwaryar kuma tana wurin Umma. Sau biyu na duba ambulan ɗin takardar ofis da Malam Shu'ibu ya kawo, kafin in miƙa shi, ko akwai 'yar takarda tawa a ciki, babu. Na san kin ba ni doka ɗaya na karya, kuma ba ni da bakin tambayar ko za ki sake barin aikinki a hannuna. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ranar Asabar ta ƙarshen wata Malam Bakari ya ce zai kai ni da Umma mu ga shamuwa kafin su tashi. In kin yarda, ki faɗa wa Malam Shu'ibu ko da baki ne, in rubuto miki adadin waɗanda na gani da idona.

Taki mai jiran izini,
Saude Ja'afaru.